Jarrabawar Yayanki da Ruwan Shuka

Zuwa ga ɗiyata Habsatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da sunan Allah na ɗauki alƙalami, shi nake roƙo ya sa takardar nan ta iske ki lafiya, kin samu wurin zama cikin mota, kayanki suna inda idonki ke ganinsu. Allah ya tsare hanya, ya tsare direba, ya sauke ki hannun mutanen kirki. Innarki tana gaishe ki, ko da yake ba ta san na rubuta ba.

Na san za ki yi dariyar rubutuna. Ki yi abinki, da girmana na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, kuma hannun da ya saba da ƙotar kalme a gona ba ya jin maganar biro. Kwana huɗu na yi a kan takardar nan. Da baki na so in gaya miki, amma duk lokacin da na kira ki kika durƙusa, sai in ji kaina ina tambayarki ko an ba awaki ruwa. Ke ma kin lura, don na ga kina kallona kina murmushi.

Maganar yayanki Lawali ce. Shekarar da abin ya faru kina Illela wajen goggonki, kina ƴar koleji, kuma da kika dawo kin iske gidan ya yi shiru ba wanda ya gaya miki dalili. Abin da kika ji a gari shi ne korona ta lalata masa karatu. Haka mutane ke faɗa, ni kuma na bar su suna faɗa saboda ya fi mini sauƙi. Ba korona ba ce. Ni ne. Yanzu da za ki tafi jami'a ba na so ki tafi da labarin ƙarya a kan gidanku.

Kin san shi ne na farko a zuri'armu da ya wuce lise, wato babbar sakandare. Ya samu tallafin gwamnati ya tafi wata jami'a can ƙasashen bakin teku yana koyon aikin ruwa, na rijiyoyi da famfo da ban ruwan garake. Yana shekararsa ta ƙarshe cutar ta zo. Aka rufe makarantu, aka ce baƙi su koma gida, ya samu ya tsallako kafin a rufe iyaka. Ya iso da jaka ɗaya da takunkumi a fuska, ya tsaya nesa ya gaishe mu, ya ce sai ya yi kwanaki a ɗakin zaure kafin ya shiga cikin gida. Na ji haushin wannan, amma na yi murna da zuwansa, murnar da ban nuna masa ba. Da aka ga iyaka ta ƙi buɗewa, sai malamansu suka ce karatu ba zai tsaya ba, za a ci gaba ta waya, har jarrabawar fita ma ta waya za a yi.

A nan na fara kuskure. Ni abin da na sani makaranta shi ne ɗaki da benci da malami tsaye da alli. Sai ga ƙato ya tashi da safe ya hau tudun bayan gari, inda kawai rezo, wato sabis ɗin waya, ke kamawa, ya zauna gindin aduwa da igiya a kunne har azahar. Mutanen majalisarmu suka sa masa suna ɗalibin aduwa. Baffanki Isufu ne ya fi kowa, kin san bakinsa. Wata rana yayanki ya zo wucewa ya tsaya gaisuwa, sai baffanki ya ce:

"Injiniya, yau mi aduwa tak koya maka? In ta iya hidda ruwa, ka hwaɗa mata rijiyarmu ta ƙahe."

Aka fashe da dariya, ni ma na yi. Ba ƙaramar dariya ba, har da buga cinya. Ya yi murmushi ya sunkuyar da kai ya wuce. Daga baya na ga littattafan da ya cika a gindin aduwar nan, shafi bayan shafi, zane da lissafi, da ƙananan rubutu don kada takarda ta ƙare masa. Na yi dariyar ne don kada a ce ina ɗaga ɗana, kuma don ban gane abin da yake yi ba.

Habsatu, can za ki iske mutane suna ayyukan da ba ki taɓa gani ba. In ba ki gane ba ki yi shiru ki tambaya. In kuma ana yi wa naki dariya a gabanki, kada ki shiga, ko da wasa ne. Wanda ake yi wa ba ya tuna fuskar sauran mutane, fuskar nasa yake tunawa.

Kuskure na biyun ya fi na farko muni. Yayanki ɗan fari ne, kin kuwa san al'adarmu. Ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi muna hira ba. In ina da magana sai in gaya wa innarki ta kai masa, shi ma in yana da tasa sai ya bi ta wajenta. Haka ubana ya yi da yayana, haka na iske ana yi, kuma ba na zagin al'ada. Amma maganar jami'a ba irin wadda ake aikawa ta bakin tsohuwa tana tankaɗe ba ce. Ya zauna ya yi mata bayani dalla-dalla, ita kuma ta zo ta ce mini, "Malam, yaron ga ya ce ran Talata shina da babbar jarrabawa cikin waya, za shi tahi Malbaza da sahe." Abin da kunnena ya riƙe shi ne "cikin waya". Na ce a raina, ai waya tana aljihunsa, abin da ke aljihu kuwa ko yaushe ana iya ciro shi.

Sai bayan komai ya lalace na san yadda abin yake. Abokinsa mai shagon buga takardu a Malbaza shi ya yi mini bayani. Ya ce ƙarfe goma daidai malamai ke buɗe ƙofar jarrabawa a cikin waya. Kowane ɗalibi zai nuna fuskarsa da katinsa, ya juya waya ya nuna ɗakin da yake ciki kusurwa-kusurwa, a tabbata ba mutum ba littafi. Sannan ya jingine ta tana kallonsa, a aiko da tambayoyi, ya rubuta amsa da hannu awa uku malami yana ganinsa daga can, ya ɗauki hoton takardun ya tura kafin lokaci ya cika. Wanda bai shiga ba har minti goma sha biyar, ƙofa ta rufe, don a lokacin tambayoyi sun riga sun fita. Ba mugunta ba ce, in ba su yi haka ba wani zai gani ya gaya wa wani. Yayanki ya shirya komai. Ya roƙi ɗakin bayan shagon saboda akwai kuran, wato wutar lantarki, da rezo mai ƙarfi, ya share shi, ya je sau biyu ya yi gwaji da malamansu. Ƙananan jarrabawa uku ya riga ya yi a can ya ci. Wannan ce babbar, wadda in ba ita ba takardar fita.

Da na kira shi sau ɗaya na ce, zauna ka gaya mini yadda ake yi, da minti biyar ya isa. Ban kira ba. Saboda haka ki ji: maganar da rayuwarki ta rataya a kanta kada ki aika da ita. Ki je da ƙafarki, ki durƙusa da ladabi, ki faɗa da bakinki, ki kuma tabbata an gane. In babba ya gyaɗa kai kada ki ɗauka ya fahimta, mu manya mun iya gyaɗa kai a kan abin da ba mu ji ba.

Damina ta yi jinkiri a shekarar. Kullum hadari ya haɗu iska ta watsa shi, rumbu ya yi ƙasa, kowa idonsa na gabas. Ranar Litinin bayan la'asar sai Allah ya sako ruwa, ruwa na gaske, har magariba ana yi. Ke ɗiyar manomi ce, ba sai na gaya miki abin da gari ke zama ba washegarin ruwan shuka. Ba mai zama gida sai jinjiri da mara lafiya. Jigawarmu kuma ba ta riƙe laima, in rana ta buɗe kwana ɗaya ya ishe ta.

Muna fitowa sallar asuba na ɗauko sungumi biyu. Na iske shi a zaure ya sa riga mai tsabta, ya fito da moto, babur ɗin gidanmu, jakarsa a kafaɗa. Baffanki yana tsaye da amalanke da buhun iri. Ranar ce, tun da ya girma, ya fara tunkarata da magana kai tsaye. Ya durƙusa ya ce:

"Baba, yau ta jarrabawar da niy yi ma Inna magana."

Na ce, "Ƙarhe nawa?"

Ya ce, "Goma. Amma ina son in isa da wuri, hanya ta jiƙe."

Baffanki ya yi dariya ya ce, "Yau ko aduwa hutu takai. Injiniya, ga ruwan da kaka karatu nai ya zo har gida."

Da mu biyu ne, wataƙila da na ce ya tafi. Amma ƙanena yana kallo, kuma na san kafin hantsi gari zai ji cewa ina da ƙato a gida ranar shuka ya hau moto ya bar ni da mata. Na miƙa masa sungumi na ce, "Har takwas. Malbaza ba Makka ba ta." Ya dubi sungumin, ya dubi rigarsa, ya shiga ya sauya.

Muka jera ni da shi muna sara, innarki da matar baffanki da sauran ƴan gida suna bin mu da ƙorai suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Habsatu, ban taɓa ganin mutum yana sara irin na ranar ba. Yana kai ƙarshen layi ya juyo ya tarye ni a tsakiyar nawa. Yana so ya gama mini gonar kafin takwas, gonar da kin san mutum biyu ba sa gama ta kafin azahar. Takwas ta yi, na gani a inuwa, na kuma gan shi ya ciro waya ya duba ya mayar. Ya dube ni. Na ci gaba da sara.

Wannan wurin nake so ki gane da kyau, don a nan na fi yaudarar kaina. Shekaru ina ce wa raina ban hana shi tafiya ba. Gaskiya ne ban ce ya tsaya ba. Ban dai ce ya tafi ba. Kuma na sani sarai, ɗan da na yi wa tarbiyya ba zai jefar da sungumi ubansa yana duƙe ba sai an sallame shi. Ni na koya masa haka, kuma ina alfahari da shi a kan haka. Ina ce wa kaina bari mu kai wancan gawon, da muka kai na ce bari mu kai iyaka. Ƙasa tana da taushi, aiki yana tafiya, zuciyata tana jin daɗin ganin ɗana kusa da ni. Har wannan ma sai na faɗa, na ji daɗi.

Innarki ce ta ajiye ƙwarya ta zo bayana ta ce a hankali, "Malam, rana ta ɗaga hwa." Na ɗago a fusace na ce, "To shi tahi mana, wa ar riƙe shi?" Lokacin tara ta gota. Bai ko wanke ƙafa ba, ya ruga gida ya hau moto da kayan gona a jikinsa.

Da rani hanyar ba ta kai awa ɗaya ba. Amma ruwan da ya ba mu shuka shi ya cika ƙoramar da ke tsakaninmu da kwalta. Sai da ya zagaya ta arewa, moto ya kafe a laka, ya tura, injin ya mutu, ya tura. Mai shagon ya ce mini da ya shigo, laka har gwiwa, hannunsa ma duk laka ya kasa danna waya, sai shi ya danna masa. Goma da rabi ta wuce. Ya ce yayanki ya zauna a kujerar da ya share ya jera tun jiya, takardu da biro biyu a gabansa, bai tashi ba har awa ukun suka cika.

Da la'asar sai ga shi a gona. Ya ɗauki sungumi ya shiga layi. Innarki ta tambaye shi da ido, ya girgiza kai, ta juya baya tana zuba iri tana share fuska da gefen zane. Ni ban tambaya ba, don na riga na sani.

Wata rana za ki zama babba a kan wasu, ɗalibai ko ma'aikata ko ƴaƴanki. Ki sani shirun babba umarni ne. In wani yana jiran ki sallame shi, ki buɗe baki ki ce tashi ka tafi, kuma ki faɗa da wuri, da fuska sake. Kada ki bari kunyarsa ta yi miki aiki sannan ki ce ba ki tilasta shi ba.

Bayan kwana biyu jami'ar ta aiko cewa duk wanda bai samu shiga ba ya rubuta dalili. In rashin lafiya ce, ko rasuwa, ko rezo ya yanke, za a sa masa wata rana. Da innarki ta gaya mini sai na ji kamar an sauke mini dutse. Na aika a kira shi, na ce ya rubuta rezo ne, wa zai zo daga bakin teku ya duba? Ko kuma in je wajen wani da na sani a gidan likita ya yi mana takardar zazzaɓi. Kansa a ƙasa ya ce:

"Baba, mun sa hannu ga takardar rantsuwa tun farko, cewa ba mu yin ha'inci. Su ba su ganinmu, amana ta sunka ba mu. In niy yi ƙarya ga wagga, mi ar rage?"

Na ji kamar ya mare ni. Ni da na yi shekara ashirin ina dukan ku a kan ƙarya, ga ni ina koya masa ita don in rufe laifina. Maimakon in ji kunya sai na yi fushi, na ce to ya je ya yi abin da ya ga dama tunda ya fi ubansa tsoron Allah. Ya rubuta musu gaskiya, cewa yana shuka a gonar gidansu ya makara. Bai sa sunana ba. Suka amsa da ladabi cewa wannan dalili ba ya cikin waɗanda doka ta ba su ikon karɓa, amma ƙofa a buɗe take, in an buɗe iyaka ya dawo ya maimaita shekarar. Ban ga laifinsu ba ko a lokacin.

Ke ma za a ba ki irin amanar nan. Na ji an ce har yanzu wasu jarrabawa da ayyuka ta waya ake yi, ba mai tsaye a kanki. Za ki samu ƙawaye masu dabara, za su ce kowa na yi. Ki tuna a gidanku akwai wanda ya rasa shekara uku bai yi ba, alhali ubansa ne da kansa ya ce ya yi.

Shukar da muka yi ranar kuwa, ta tsiro kore shar, sai ruwa ya ɗauke mako uku. Ta ƙone ƙurmus. Sai da muka sake.

Saura kuskuren da ya rufe ƙofar gaba ɗaya. Tallafinsa na shekara uku ne, ya ƙare. In zai koma sai gida ya ɗauki nauyi. Ina da bijimai biyu a lokacin, kin tuna su, jan da mai farin goshi. Wallahi, Habsatu, na riga na yanke a raina zan kai su kasuwa. Abu ɗaya nake jira, ya zo ya ce Baba ina so in koma. Ina ganin in ni na fara magana, na amsa laifi ke nan a gaban ɗana. Shi kuma yana ganin bayan shekarar da hatsi bai yi ba, ba zai buɗe baki ya ce a sayar da shanun noma saboda shi ba. Ina jiransa yana jirana. Aka buɗe iyaka, abokansa suka koma, muka ci gaba da gaisawa safe da yamma. Wata safiya innarki ta ce mini ya tafi Konni ya samu moto yana kabu-kabu. Bijiman nan, ɗaya ciwo ya kashe shi bayan shekara, ɗayan na sayar na gyara ɗaki.

In kin san abin da ya kamata ki yi wa mutum, ki yi, kada ki jira ya roƙa. In kuma ke ce mai bukata, ki faɗa. Ki kira ni ki ce Baba ba ni da sabulu, Baba na faɗi jarrabawa, Baba ina jin tsoro. Kada ki ɗauke mini nauyin da nawa ne, kamar yadda ya yi.

Da ya yi fushi da ni da na samu sauƙi. Da ya ɗaga mini murya ko sau ɗaya, ko ya ƙi zuwa sallah. Amma kin ga yadda yake. Yana zuwa da cefane, ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi ƙafata. Duk shekara in ruwan shuka ya sauka, kafin in fito masallaci ya iso daga Konni ba wanda ya kira shi. In famfon gari ya lalace shi ake jira, ya kwance ya gyara, mutane suna cewa kai, yaron nan da ya gama da ya yi nisa. Ina tsaye ina ji. Bara a gona muka zauna shan fura mu biyu, na tattara duk ƙarfina zan yi magana, na buɗe baki, sai na ji na ce masa bana ƙasa ta sha ruwa. Ya ce, "Ta sha, Baba." Shi ke nan.

Shi ya cika miki takardu, shi ya yi ta zirga-zirga buro-buro, daga wannan ofis zuwa wancan, har aka samu gurbin nan. Da baffanki ya ce ɗiya mace me za ta je nema nesa, ban kai ga buɗe baki ba yayanki ya ce, cikin ladabi, "Baffa, wagga kam tana tahiya." Ban taɓa jin ya mayar wa babba magana ba sai ranar. Ki riƙe shi da kyau. Ki riƙa kiransa kina gaya masa abin da aka koya muku, ko da kin ga kamar ba ruwansa. Yana so ya ji.

Sauran nasiha innarki ta yi miki ta fi sau goma. Ki tsare sallah, ki ci abinci ko ba ya miki daɗi, ki san da wa kike tafiya. Ki rage barcin safe, don can ba mai buga miki ƙofa da muciya. Ranar jarrabawa ki isa tun ba a buɗe ba, ki zauna ki jira.

Yanzu ga abin da ya sa na kasa barin ki tafi ban rubuta ba. Kumburin ƙafar nan da nake ce muku sanyi ne, ba sanyi ba ne. Na je likita watan jiya, sun ce zuciya ce ta gaji. Sun ba ni magani ina sha, rai kuma na Allah ne, ina iya kai shekaru, ina iya kasa kai kaka. Kada ki yi kuka cikin mota mutane su taru a kanki. Na gaya miki ne don ki ji umarnina tun ina da bakin bayarwa. In aka kira ki lokacin jarrabawa aka ce jikina ya tsananta, kada ki taso. In ni da kaina na karɓi waya na ce ki zo, ciwo ne ke magana, kada ki saurare ni. Ko cewa aka yi na cika, ki yi alwala ki yi mini addu'a, ki shiga ki rubuta abinki har ƙarshe. Masu wanke ni da masu ɗauka ta suna nan da yawa. Wanda ya ce miki ɗiyar kirki ba ta yin haka, ki nuna masa takardar nan. Na cinye wa ɗa ɗaya karatu ina da rai, ba zan cinye na biyu ina kwance ba.

Yayanki ne zai kai ki tasha a Konni. Na san halinki, kina gama karantawa za ki so ki ɗauki hoton takardar nan ki tura masa. Kada ki yi. Na aika masa da magana ta bakin mutane tun yana yaro, wannan ba za ta bi ta hannun kowa ba. Ranar Laraba zan shiga mota in je Konni, in neme shi inda suke tsayawa da motocinsu, in ce ya kai ni wani wuri mu zauna. Sau uku ina sa irin wannan rana ina fasawa. Ki roƙa mini Allah kada in fasa ta huɗu, don ban san ko za a ba ni ta biyar ba.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane. Allah ya buɗa miki ƙirji, ya sa ki gama abin da kika je yi, ya dawo mana da ke da takardarki a hannu, ko ina nan ko ba na nan. Na yafe miki duniya da lahira. Ke ma ki yafe mini.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
daga ƙauyenmu, ƙasar Dogarawa.